Tambaya da Amsa: Sojojin Sikotlan masu siket da abin da ya same su a yaƙin Loos

Assalamu alaikum jama'a masu bibiyar wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka shigo ta WhatsApp yawancinsu kan abu ɗaya suke, wani ɗan bidiyo ne da yake ta yawo a wayoyi na sojojin Sikotlan a Yaƙin Duniya na Ɗaya, to na ware guda huɗu da na ga sun tattaro sauran. Masu tambayar kuɗin haya da rikicin lanlod ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tela ne a Obalende. Ranar 15 ga Janairu da ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya na ga sojojinmu a Tafawa Balewa Square suna busa wata algaita mai jaka a hammata, yarona ya ce ai ta mutanen Sikotlan ce, har ya nuna min bidiyo wai da siket suke zuwa yaƙi kuma mai busa ne a gaba babu ko bindiga a hannunsa, wai kuma akwai yaƙin da aka kusa ƙarar da su a rana ɗaya. Don Allah gaskiya ne ko tatsuniyar intanet ce? — Wani tela, Obalende

AMSA: Maigida yaronka bai yi maka ƙarya ba, sai dai masu haɗa irin wannan bidiyo sukan ɗauki wurin da yake da daɗin ji su bar wurin da yake da ɗaci. Yaƙin da ake nufi shi ne na Loos, wani ƙauyen masu haƙar kwal a arewacin Faransa kusa da garin Lens, an fara shi ranar 25 ga Satumba 1915.

Bari in fara da yadda fagen yake don ka gane. Tun ƙarshen 1914 yaƙi ya cije a yammacin Turai, Jamus a gefe ɗaya, Faransa da Birtaniya a ɗaya gefen, kowa ya haƙa ramuka ya shige, layin ramukan nan tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, wajen kilomita 700. Gaban kowane rami an shimfiɗa waya mai ƙaya, bayan wayar kuma ga mashinga a girke, tsakanin ramin nan da na abokin gaba fili ne fetal wanda in ka ɗaga kai ma sai ka ji harsashi balle a ce ka fito ka taka da ƙafa. To a 1915 Jamus ta matsa wa Rasha lamba sosai a gabas har ta ƙwace Warsaw a watan Agusta, sai babban kwamandan Faransa Janar Joffre ya ce dole a kai babban hari a yamma don a rage wa Rasha nauyi, Faransawa za su buga a Champagne da Artois, Birtaniya kuma ta buga a Loos. Manyan Birtaniya ɗin ba su so wurin ba ko kaɗan, Sir John French da yake babban kwamanda da Douglas Haig da aka ba aikin kai harin duk sun ga filin shimfiɗaɗɗe ne babu maɓoya, ga tsibin tarkacen kwal da dogayen ƙarafan mahaƙa waɗanda Jamusawa suke hawa suna hango komi, ga kuma ƙarancin harsashin igwa da ya addabe su duk shekarar. Amma ministan yaƙi Lord Kitchener ya ce a yi ko da za a yi asara mai yawa, saboda kar ƙawance ya lalace. Ka ga tun daga nan siyasa ce ta zaɓi filin.

Yanzu ina mutanen Sikotlan suka shigo? Rundunoni shida ne manya suka fita a safiyar farko, biyu daga ciki na Sikotlan ne zalla, ta 9 da ta 15, sannan a sauran ma akwai bataliyoyinsu a warwatse, in aka haɗa kusan rabin bataliyoyi 72 da suka fara kai harin na Sikotlan ne, mutum wajen 30,000. Kuma abin da ya kamata ka riƙe shi ne runduna ta 9 da ta 15 ɗin nan yawancinsu ba tsofaffin sojoji ba ne, 'yan sa-kai ne da suka amsa kiran Kitchener a 1914, masu haƙar kwal da ma'aikatan ƙera jirgin ruwa na Gilasgo da akawu-akawu da ɗalibai da makiyayan tumaki daga kan duwatsu, shekara ɗaya da ta wuce kurata ne da ko saran fareti ba su iya ba, kuma wannan ne babban yaƙinsu na farko. Faɗin wurin da aka kai harin gaba ɗaya bai kai tsawon gadar Third Mainland ba.

An yi kwana huɗu ana luguden igwa, amma igwar ba ta isa ba, wurare da yawa wayar nan tana nan daram ba ta tsinke ba. Da asuba ƙarfe 5:50 aka saki iska mai guba, ƙarfe 6:30 aka busa usur aka ce a fito.

A nan ne labarin mai busar ya faru. Sunansa Daniel Laidlaw, yana bataliya ta 7 ta King's Own Scottish Borderers, mutum ne ɗan shekara 40 wanda ya taɓa yin soja a Indiya ya bari sannan ya dawo da aka fara yaƙi. A wurinsu iskar gubar da su da kansu suka saki ba ta tafi ba, ta tsaya musu a kan rami, mutane suna tari suna shaƙewa ga harsashin igwar Jamus yana sauka, lokacin fita ya yi amma kowa ya daskare. Hafsansu ya daka masa tsawa ya ce ya busa, sai bawan Allahn nan ya haye bakin rami a tsaye, yana kai da kawowa yana busa kamar a filin fareti yake, da mutanen suka ga haka sai suka yunƙura suka fito, shi kuma ya bi su yana busa har aka ji masa rauni a ƙafa. An ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, kuma ya rayu har 1950. Abin dariyar shi ne bataliyarsa ba masu siket ba ne, wando suke sawa, siket ɗin na rundunonin mutanen tsaunuka ne irin su Black Watch da Seaforth da Gordon da Cameron da Argyll, amma masu bidiyo ba ruwansu, duk wanda ya fito daga Sikotlan sai su ɗaura masa.

Kuma wallahi sun yi abin da aka aike su. Runduna ta 15 ta keta layin Jamus na farko, ta shiga ƙauyen Loos ana gwabzawa gida-gida da banati da gurneti ana zaƙulo Jamusawa daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kafin hantsi ƙauyen ya faɗa hannunsu, suka zarce zuwa wani ɗan tudu da ake kira Hill 70 suka haye shi. Sai dai zuwa lokacin hafsoshi da yawa sun faɗi, bataliyoyi sun cakuɗe babu mai ba da oda, ga hayaƙi, sai ɗaruruwansu suka karkata dama maimakon su miƙe inda aka tsara, suka gangara bayan tudun suka faɗa bakin layin Jamus na biyu wanda wayarsa ko taɓa ta ba a yi ba, mashinga ta buɗe musu daga gidajen ma'aikatan kwal, kaɗan ne suka dawo. A arewa kuma runduna ta 9 ta ƙwace wata tunga mai ƙarfin gaske da ake kira Hohenzollern da mahaƙar Fosse 8 da ke bayanta, alhali wani ɓangaren nata ya tarar da waya ba ta yanke ba, aka karkashe su a jikin wayar cikin 'yan mintoci.

To da rana ta take ƙofa a buɗe take, abin da ya rage kawai a turo sabbin sojoji su bi ta ɓarakar kafin Jamus ta farfaɗo, kuma nan ne aka yi ta'asar. Sir John French ya riƙe rundunonin ko-ta-kwana a hannunsa can baya da nisa, ta 21 da ta 24, su ma sabbin shiga ne da ba su taɓa jin ƙarar harsashi ba, sun yi dare da dare suna tafiyar ƙafa, hanyoyi a cunkushe da kekunan doki da masu rauni, ga ruwan sama, ga yunwa don kicin ɗinsu ya maƙale a baya. Ba su shiga yaƙi sosai ba sai washegari 26 ga wata, lokacin Jamus ta riga ta kawo ɗauki ta gyara waya. Aka jera su sahu-sahu da rana tsaka a fili, mutum wajen 10,000, cikin awa huɗu an kashe ko an raunata wajen 8,000, har ta kai wasu Jamusawan sun tsagaita wuta da kansu suka bar masu rauni suna jan jiki suna komawa. Zuwa farkon Oktoba Jamus ta karɓe Fosse 8 da tungar Hohenzollern, aka sake gwadawa ranar 13 ga Oktoba da wata rundunar Ingila ita ma aka yi asarar fiye da mutum 3,000 a banza.

Lissafin ƙarshe: Birtaniya ta yi asarar wajen mutum 60,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, Jamus kuwa kusan rabin haka. Runduna ta 9 da ta 15 kowacce ta rasa fiye da 6,000. Cikin matattu wajen 21,000, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan Sikotlan ne. Abin da aka samu ƙauye ɗaya ne da 'yan kilomitoci na taɓo. Ni a ganina shi ya sa ake yawan ba da labarin mai busa, don ya fi sauƙin faɗa a kan a tsaya ana bayanin wanda ya ajiye ɗauki a inda ba zai iso ba.

Algaitar da ka gani a hannun sojojinmu kuwa gadon Turawan mulkin mallaka ce, sojan Najeriya daga rundunar da Birtaniya ta kafa ya samo asali, shi ya sa har yau in ana babban fareti za ka ga masu busa ta, haka ma a Indiya da Pakistan.

TAMBAYA: Oga ni abin da ban gane ba shi ne maganar gas ɗin nan, ta yaya mutum zai saki guba ta dawo kansa, ba su da hankali ne? Ina karanta ku a layin shiga tashar jirgin ruwa. — Direban tirela, Apapa

AMSA: Ɗan uwa Allah ya sa layi ya motsa. Hankali kam suna da shi, dabarar ce ta dogara da abin da ba a hannunsu yake ba. Jamus ce ta fara sakin iskar kulorin mai yawa a Ypres ta Beljiyam ranar 22 ga Afrilu 1915, Birtaniya ta yi ta Allah wadai tana cewa wannan dabbanci ne, bayan wata biyar ita ma ta yi, kuma Loos ne karonta na farko. Dalilin da ya sa ta rungumi gas ɗin shi ne rashin isassun igwa, aka ce to guba za ta cike giɓin.

A lokacin ba a cikin harsashi suke harba ta ba, a tukwanen ƙarfe take irin silinda, fiye da 5,000, wajen tan 140, sojoji ne suka yi ta dakonsu a kafaɗa da daddare ta cikin ƙananan ramuka har layin gaba aka binne su a gindin bango, a jona bututu a miƙa shi waje, in lokaci ya yi a murɗe a buɗe, shi ke nan sai abin da iska ta yi. An ma hana kowa furta sunan abin don kar asiri ya tonu. Tsarin shi ne a yi minti 40 ana sakin guba ana haɗawa da hayaƙi, don an lissafa na'urar numfashin masu mashingar Jamus ba ta wuce rabin awa.

Da asubar ranar iska ta kwanta luf. Haig ya fito waje yana dubawa, wani hafsansa ya kunna sigari suka ga hayaƙin yana ɗan karkata wajen Jamus a hankali, a kan haka da rahoton mai duba yanayi aka ce a buɗe. Ka ji fa, rayukan dubban mutane. A kudu wajen Loos ta ɗan yi aiki ta rikita Jamusawa, a arewa kusa da mashigin ruwan La Bassée kuwa ta tsaya cak ko ta juyo, har wani hafsa mai kula da tukwanen ya ce shi ba zai buɗe ba, aka aiko masa daga sama cewa oda oda ce. Wasu wuraren kuma, kai da kake direba za ka fi kowa jin haushin wannan, sifanar da aka raba musu ba ta yi daidai da kan tukunyar ba, ana ta guje-guje ana neman aron wadda za ta kama. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. Sannan igwar Jamus ta fasa wasu tukwanen a cikin ramin Birtaniya.

Abin kariyar da suke da shi wata hular tsumma ce da aka jiƙa da magani, a rufe kai gaba ɗaya a cusa bakinta cikin riga, da ɗan gilashi a wajen ido. In ka sa ta ba ka gani don gilashin yana yin gumi, numfashi da ƙyar, ga maganin yana ƙona fata in ruwa ya taɓa shi, sai mutane suka riƙa ɗagawa don su sha iska, sai su shaƙi gubar. Sojan Birtaniya fiye da 2,000 gubarsu ta kwantar a ranar, kodayake waɗanda ta kashe kai tsaye kaɗan ne. Hular kwano ma ba a riga an raba wa kowa ba a lokacin, da hular ƙyalle suka fita. Bayan yaƙin ne aka yi yarjejeniyar Janiba ta 1925 da ta hana amfani da irin wannan makami.

TAMBAYA: Malam ni malamar makaranta ce kuma ina koyar da tarihi. Na sha jin ana cewa Turawan Ingila da gangan suke tura 'yan Sikotlan gaba su mutu don su 'yan tsiraru ne a ƙasar. Mene ne gaskiyar wannan, kuma me ya kai su shiga da yawa haka? — Wata malama, Idi-Araba

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, wannan magana ko a Sikotlan ɗin ana yin ta har gobe, musamman in siyasar ɓallewa daga Birtaniya ta motsa. Ni dai a abin da ya shafi Loos ban yarda da ita ba. Haig da ya tsara harin ɗan Sikotlan ne haifaffen Edinbara. Rundunonin da aka yi wa kisan gilla a rana ta biyu yawancinsu 'yan Ingila ne, ga 'yan Landan na runduna ta 47 da suka fita kafaɗa da kafaɗa da ta 15, ga sojan Indiya da aka sa su kai harin ɗauke hankali a arewa, cikinsu da Musulmi da yawa. Manyan ma ba su tsira ba, janar-janar uku masu riƙe da runduna aka kashe a yaƙin, har da Thesiger kwamandan ta 9. An kashe Kyaftin Fergus Bowes-Lyon na Black Watch ranar 27 ga Satumba a wajen tungar Hohenzollern, shi kuwa kawun Sarauniya Elizabeth ne wadda ta zo Legas a 1956, wan mahaifiyarta. Abin da ya faru shi ne runduna ta 9 da ta 15 suna cikin na farko-farko a sabbin rundunonin Kitchener da suka gama horo suka iso Faransa, aka ga sun shirya aka sa su. Rashin tsari ne ya ci su, kuma rashin tsari bai tambayi kowa garinsu ba.

Amma akwai gaskiya a gefen maganar. Tun ƙarni na 18, bayan haɗewar Sikotlan da Ingila a 1707 da murƙushe tawayen mutanen tsaunuka a 1746, daular Birtaniya ta mai da yankin wurin ɗibar soja, aka yi ta zuga su cewa su jinin yaƙi ne, su ma suka karɓa suna alfahari da shi. In an daɗe ana gaya wa mutane haka to duk inda ya yi zafi su za a fara tunawa, kuma su ma ba za su ce a'a ba. Mu nan ma ai mun san wannan zugar, haka Turawa suka riƙa cewa Bahaushe da sauran 'yan Arewa su ne suka dace da soja.

Dalilin shigarsu da yawa kuwa ba kishin ƙasa kaɗai ba ne. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan 5 ba a lokacin, talauci ya yi katutu a unguwannin Gilasgo da Dundee, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, soja kuma yana ba da sule ɗaya a rana da abinci da takalmi da ɗan abin da za a ba matarka. Ga matsin abokai, in duk 'yan layinku sun tafi kai kaɗai za ka zauna? Ba a fara tilasta shiga soja ba sai 1916, don haka duk wanda ya mutu a Loos da ƙafarsa ya kai kansa.

Wurin da ya kamata ki tsaya wa ɗalibanki shi ne yadda ake ɗibar su gari-gari. Bataliya ta 4 ta Black Watch kusan duk 'yan Dundee ne, garin masaƙun buhun algarara, wanda shi ne ma yake saƙa buhunan yashin da ake jerawa a bakin ramukan. Suna cikin masu harin ɗauke hankali tare da sojan Indiya. Hafsa 20 da soja wajen 420 suka fita, hafsa 19 da soja wajen 230 aka kashe ko aka raunata a rana ɗaya. Maƙwabta ne, 'yan masaƙa ɗaya, wa da ƙane, suruki da suruki, don haka da labari ya iso ba gida ɗaya ya shiga ba, layi-layi ya bi. Har yanzu duk 25 ga Satumba ana kunna wuta a hasumiyar tunawa da ke kan dutsen garin. Irin haka ta sake faruwa a yaƙin Somme a Faransa ranar 1 ga Yuli 1916 da bataliya ta 16 ta Royal Scots, wadda 'yan ƙwallon Hearts na Edinbara suka shiga tare da magoya bayansu a lokacin da kulob ɗin yake saman tebur a 1914, 'yan wasansu bakwai ba su ga ƙarshen yaƙin ba. A Arras kuma a Afrilu 1917 an tara bataliyoyin Sikotlan 44, fiye ma da na Loos.

Jimillar 'yan Sikotlan da suka mutu a yaƙin gaba ɗaya masana suna da saɓani, wasu suna cewa wajen 74,000 wasu fiye da 100,000, ya danganta ko an lissafa da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Kanada da Ostareliya suka shiga soja a can. A maƙabartar Dud Corner kusa da Loos akwai bango ɗauke da sunaye fiye da 20,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Sir John French kuwa kujerarsa ta tafi a Disamba 1915, Haig da ya yi ta kai ƙararsa wajen Sarki George na 5 da Kitchener shi ya gaje shi, kuma shi ne ya jagoranci Somme inda a ranar farko kaɗai aka kashe fiye da mutum 19,000.

TAMBAYA: Yaro, ni tsohon soja ne na yi ritaya, kakana ya yi yaƙin Jamus na farko. Shin su ma an kai su ramukan nan na Faransa tare da masu siket ɗin? Kuma siket a cikin taɓo ai wahala ce. — Tsohon samanja, Agege

AMSA: Baba ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya. A'a, Birtaniya ba ta kai sojan Najeriya fagen Turai ba a wancan yaƙin, Faransa ce ta kwashi 'yan Afirka ta Yamma da yawa, waɗanda ake kira sojan Sanagal duk da cewa daga ƙasashe da dama suke, ta zuba su a ramukanta. Kakanka in ya yi yaƙin Jamus to ɗayan biyu ne ko duka, Kamaru ko Gabashin Afirka. A lokacin da ake gwabzawa a Loos su suna Kamaru, an ci Garwa a watan Yuni 1915 bayan harin farko na Agusta 1914 ya ci tura, Jamusawan Garwa ma ramuka da waya suka yi kuma sun yi wa namu ɓarna, sannan aka yi ta zaman kewaye dutsen Mora wanda bai miƙa wuya ba sai Fabrairu 1916. A ƙarshen 1916 aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Dar es Salaam don su bi sawun kwamandan Jamus na can, Janar von Lettow-Vorbeck, suka sha yunwa da zazzaɓi da damina, suka yi mummunan karo a Mahiwa a Oktoba 1917. Da Hausa ake ba su oda, kuma bayan masu bindiga akwai dubban 'yan dako da aka tara, da yawansu ba da son ransu ba, waɗanda cuta ta kashe fiye da harsashi kuma ba kasafai ake ambatonsu ba.

Maganar siket kuwa Baba ka faɗi daidai. Ulu ne mai kauri yadi da yawa an yi masa ninki-ninki a baya, suna ɗaura wani ƙyallen kaki a kai don kar launin ya tona su. Yana da ɗumi a ƙugu kuma in an shiga ruwa ƙafa takan bushe da wuri fiye da mai wando, amma ƙwarƙwata tana samun gida a cikin ninkin nan, in ya sha taɓo ya yi nauyi, in sanyi ya daskarar da bakinsa sai ya riƙa yankan bayan gwiwa, yana kuma sarƙewa a waya. Da Jamus ta kawo gas mai ƙona fata a 1917 abin ya ƙara muni ga mai ƙafa a waje. Duk da haka ba su yarda sun ajiye shi ba har aka gama, sai a 1940 a yaƙi na biyu hukumar soja ta cire shi daga kayan fagen fama ya koma na fareti da biki.

In akwai lambar yabo ko wata takardar kakan naka a gida, ka sa jikoki su duba gefen lambar, Turawa sukan buga sunan soja da lambarsa da rundunarsa a jiki, a ɗauko hoto a turo mana ta layin da aka saba.